Waken da Yaya Bai Tauna Ba

Siton hatsinmu yana bayan kasuwar Kontagora, dogon ɗaki ne mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe. Yayana ne ya gina shi bayan rasuwar mahaifinmu, da ribar wake da masara. Ni kuwa tun ina saurayi nake tsaron ƙofarsa, in karɓi kaya, in sa a jera, in sa a loda. Shekarata arba'in da biyu a lokacin da abin nan ya faru, 'ya'yana biyar, amma a bakin Yaya ni Auta ne, kuma maganar Auta a wurinsa ta a saurara ce a yi murmushi a wuce.

Wata shekara wani kamfani daga kudu, mai niƙa wake yana ɗura garin ƙosai da na alale a leda, ya aiko yana neman wanda zai riƙa ba shi wake duk wata. Farashinsu ya ɗara na kasuwa, kuma babu dillali a tsakani. Sharaɗi guda suka kafa. Dole mai kula da sito ya zama yana da takardar shaidar cewa ya koyi adana hatsi da sa masa magani, kuma shi zai sa hannu a kan kowace mota da ta tashi. Yaya ya yi dariya har da buga cinya.

"Wake ne ba mu sani ba? A cikin buhunsa aka haife mu. To, tunda takarda suke so, Auta, je ka karɓo musu takarda."

Haka na tafi Minna kwas na mako shida, da raini cike da cikina. Malamin da ya koyar da mu ko gemun kirki bai ajiye ba, kuma na rantse a raina bai taɓa ɗaukar buhu a kafaɗa ba. Ranar farko na zauna a baya na naɗe hannu ina jiran ya yi kuskure. Bai yi ba. A kwana na uku ya ɗaga wata 'yar kwalba ya tambayi wa ya san ta, muka kwashe da dariya gaba ɗaya, don fiya-fiya ce, ruwan maganin nan mai wari da ake kashe sauro da kyankyaso da shi. Mu 'yan hatsi mun daɗe muna tsarma ta da ruwa, mu baza wake a ƙasa, mu tsoma tsintsiya mu yayyafa, ƙwari su mutu nan take. Haka mahaifinmu ya yi, haka maƙwabtanmu suke yi. Malamin ya bari muka gama dariya, sannan ya yi mana bayanin yadda maganin yake kama jikin wake, yadda wanki ba ya fitar da shi duka, da abin da yake yi wa cikin wanda ya ci, musamman ƙananan yara. Ni dai sai na tuna buhun da muke ajiyewa na cin gida daban yake, ba ma yayyafa masa komai, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Aka koya mana hanyar da ta dace. A jera buhuna a kan katako, a rufe da tamfol, a sa ƙwayoyin magani a faranti a ƙarƙashi don hayaƙinsu ne kawai zai ratsa, a danne gefen tamfol da yashi, a bar shi kwana bakwai cur, sannan a buɗe ya sha iska a kwashe tokar. Kowane jeri a rubuta masa lamba da ranar rufewa da ranar buɗewa. Muka yi jarrabawar rubutu, muka yi ta aiki da hannu, na ci. Ban da ta firamare, ban taɓa riƙe takarda mai sunana da hatimi ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai. Sai dai da malamin zai miƙo mini ita ya ce in sani, duk kayan da na sa wa hannu aka samu guba a ciki, takardar za a karɓe, kamfani kuma ba zai sake kallon sitonmu ba. Na amsa da to, ina ganin magana ce irin ta ranar sallama.

Motar farko buhu ɗari biyu aka ce. Na tsara su jeri biyar, kowanne buhu arba'in. Huɗu na gama da su da wuri, waken Zugurma da na Dukku, na rufe na buɗe kamar yadda aka koya mini, na rubuta komai da alli a jikin bango saitin kowane jeri. Arba'in ɗin ƙarshe daga Kasuwan Garba za su zo, sai 'yan bindiga suka tare hanya, direbobi suka ƙi shiga. Waken ya yi mako uku a wani shago can yana jira. Da ya iso, saura kwana huɗu motar kamfani ta zo, kuma tun daga bakin ƙofa kana jin ƙwari suna motsi a cikin buhu.

Na ce wa Yaya waɗannan ba za su shiga motar nan ba, kwana bakwai suke bukata, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce a ciniki na farko a ce mun gaza cika alkawari, wannan abin kunya ne da ba zai ɗauka ba. Na ce to bari in je Zugurma in nemo mai kyau. Kwana uku na yi ina bin ƙauyuka a kan babur, daga wannan rumbu zuwa wancan. Wanda bai sayar ba ya ce sai farashi ya ƙara tashi, wani dattijon Bakambare ma ya ce ko da kuɗin Makka na zo ba zai buɗe rumbunsa ba. Na dawo hannu rabbana, ana gobe motar za ta zo.

Da na shiga sito da la'asar, sai na tarar da jeri na biyar tsaf, an sauya masa sababbin buhuna, an ɗinke baki. Na kara kunne, shiru. Yaya ya ce ya sa an zazzage waken ne, an tankaɗe, an shanya a rana kwana biyu, ƙwarin suka watse. Na sunsuna, ban ji komai ba sai warin sabon buhu. Da wuƙa a aljihuna, da na so da na farke ɗaya na tusa hanci a ciki. Ban yi ba. Na gaji, ina son maganar ta zama gaskiya, kuma ina tsoron abin da zan samu. Na ce Allah ya saka da alheri, na rufe ƙofa.

Washegari da hantsi tirela ta tsaya a ƙofar sito. Wadda kamfanin ya turo duba kaya wata mata ce Banufiya, gajera, ba ta da yawan magana, Hausarta da ɗan karkata amma ba ta ɓata kalma. Ta nemi takardata, ta duba hoton ta dube ni, ta rubuta lambar a fom ɗinta. Maƙwabtan sito suka taru kamar ana rabon gado, don kowa yana son ganin yadda cinikin kamfani yake.

Akwai wata al'ada ta masu sayar da wake. In za ka nuna wa mai saye kaya, sai ka soka ƙarfen nan mai rami a cikin buhu, wake ya zubo a tafinka, ka jefa ƙwaya ɗaya a baki ka tauna a gabansa. In ta ce ƙas, ya bushe ke nan. Ba wanda ya koya mana wannan, hannu ne kawai yake kai wa baki. Yaya kuwa ya fi kowa, ko wucewa ya zo yi ta gaban buhun wani sai ya tsinci ƙwaya ya tauna, haƙorinsa na gefe ma a nan ya tsage. Matar tana da na'urarta ta auna danshi, ba ta bukatar haƙorin kowa, amma sabo ya riga ya kama shi. Ya soka jeri na ɗaya, ya tauna, ƙas. Na biyu, ƙas. Yana tafe yana zuba mata labarin shekarunsa a harkar, har ya kai na huɗu.

Da muka zo jeri na biyar ya soka ƙarfen, wake ya zubo fari tas. Ya murza shi da babban yatsa, ya ɗaga mata ta gani. Hannun ya taso zuwa baki, ya kai wajen haɓa, sai ya tsaya. Ya juya ya zuba waken a aljihun rigarsa, ya goge tafin a cinya, ya ci gaba da labarinsa.

Ba wanda ya lura sai ni.

Matar ta auna, ta ce ya bushe. Ta ɗebi kaɗan daga kowane jeri ta ƙulle a leda, ta ce a masana'anta ana gwada wasu, ba duka ba. Ta ce a fara lodi. 'Yan dako suka tuɓe riguna, kuma jeri na biyar shi ne a bakin ƙofa, shi hannu zai fara kaiwa. Na san in ya shiga mota ya gauraya da saura, babu mai iya raba su kuma. Wani har ya ciccibi buhu ya ɗora a kai.

"Sauke!" na ce. Muryar ta fita da ƙarfin da ban yi niyya ba. "Daga ciki za ku fara."

Shugabansu ya ce wane irin aiki ne wannan, a bar na ƙofa a zagaya ciki, wahala ce kawai. Na ce haka nake so. Suka shiga suna gunaguni. Yaya ya dube ni, na dube shi, na ce ina son magana da shi. Muka zagaya bayan sito, wajen da ake tara tsofaffin buhuna.

"Yaya, me aka sa wa waken Kasuwan Garba?"

"Na faɗa maka an shanya."

"Fito da na aljihunka ka tauna."

Ban taɓa yi masa magana haka ba tunda aka haife ni. Ya waiga ko wani yana ji. Sannan ya rage murya.

"Ɗan kaɗan ne. Kwalba biyu, kuma na tsarma sosai. Kwana uku ke nan, ya sha iska, kai kanka ba ka ji wari ba. Ka ji ta da bakinta, ba duka suke gwadawa ba."

"Ni zan sa hannu, Yaya."

"To, sa mana! Ni na tura ka ka karɓo takardar nan don ta buɗe mana ƙofa, ba don ka rufe ta a kaina ba. Gida nawa ke ci daga siton nan? Naka yana ciki. Mutanen nan da suka taru, jira suke su ga mun faɗi. Auta, kada ka tona mini asiri a gaban kasuwa."

Da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi, don ni ma ina da zuciya, da na rama. Roƙo ya yi. Mutumin da ya yi mini aure, ya yanka ragon sunan ɗana na fari, shi ne yake riƙe da hannun rigata a bayan sito. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanda ya fi. Na zare hannuna na koma wajen lodi.

Lodi ya ɗauki kusan awa biyu. Ina tsaye ina kallon jeri na ɗaya ya ƙare, na biyu ya ƙare, ina fatan 'yan dako su rage sauri. Zuciyata tana ta kawo mini hujja. Wataƙila ba za su gwada wannan ledar ba. Wataƙila maganin ya fita. Shekara nawa ana yi, wa ya zo ya ce mun kashe masa wani? Duk na saurara, kuma wallahi wasu sun yi mini daɗin ji. Ba zan yi ƙaryar cewa tsoron Allah ne ya fara zo mini ba, ko tunanin yaran da za su ci ƙosan. Waɗannan daga baya suka zo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hannun nan da ya kai haɓa ya koma. Mai kayan da kansa ya kasa sa ƙwaya ɗaya a bakinsa, ni kuma ana so in rubuta sunana cewa buhu arba'in lafiya lau ne mutane su ci.

Jeri na huɗu ya ƙare. Shugaban 'yan dako ya ɗora hannu a kan na biyar yana kallona. Matar ta miƙo fom da biro, ta nuna inda aka rubuta ɗari biyu da inda zan sa hannu. Yaya yana bayanta, idonsa a kaina.

Na soke ɗari biyu, na rubuta ɗari da sittin, na sa hannu.

"Malam, me ya sami arba'in ɗin?" ta ce. "Na auna, sun bushe."

Na so in ce wani abu dabam, in ce na wani ne, ko an riga an sayar. Amma ledar jerin tana cikin jakarta.

"An yayyafa musu fiya-fiya."

Direban tirelar da ke cin gyaɗa ma ya daina. Ta tambayi wa ya yayyafa. Na ce a sitona aka yi, kuma ni ne mai kula da shi. Ban dubi Yaya ba, amma duk wanda ke wurin ya san na yi kwana uku ba na gari.

Fuskarta ta sauya. Ta ce to yaya za ta san na cikin motar ba haka suke ba? Ta ce a dakata da ɗaure tamfol ɗin mota. Na ja ta cikin sito na nuna mata bango, kowane jeri da lambarsa, daga inda ya zo, ranar da na rufe, ranar da na buɗe. Na nuna mata gwangwanayen ƙwayoyin da na yi amfani da su, da faranti, da yashin da ke gefe har lokacin. Saitin jeri na biyar babu komai a bango sai lamba da ranar isowa. Ta ɗauki hoton duka da wayarta, ta fita ta kira ogansu.

Ban san minti nawa ta yi ba. Layin ya yanke sau biyu, tana ta zagaya tirela tana neman sabis. 'Yan dako suka zauna a inuwa, shugabansu ya ce in za a sauke kayan a faɗa musu da wuri. Maƙwabta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da labarin da zai kai gaba. Ni ina tsaye a rana, na kasa matsawa inuwa, ina tunanin me zan faɗa wa matata in motar ta koma wayam.

Da ta dawo ta ce za su ɗauki ɗari da sittin, kuma wannan karon kowane jeri za a gwada. In an samu komai, shi ke nan tsakaninmu, takardata ma za su kai ƙara. In ba a samu ba, mota za ta dawo wata mai zuwa. Ta ce ogan ya so a sauke duka, hoton bangon ne ya tsayar da shi. Ta juya ta ce wa Yaya, "Alhaji, sai an jima."

Bayan motar ta tafi na same shi zaune a kan benci cikin sito, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na yi zaton zagi zan sha, na shirya. Sai kawai ya ce gobe a kai arba'in ɗin kasuwa, mudu-mudu za su ƙare kafin azahar. Na ce muddin ni ke kula da siton nan ba za su fita a matsayin abinci ba, sai dai a shafa musu jan fenti a sayar wa masu neman iri, a faɗa musu gaskiya. Ya ɗago kai.

"Shekara talatin haka nake yi. Haka Baba ya yi, Allah ya jiƙansa, kuma kai ma da hannunka ka riƙe tsintsiyar. Kana nufin duk shekarun nan guba muke auna wa mutane?"

Na so in sassauta. Na nemi wata kalma mai taushi, ban samu ba.

"Eh, Yaya. Da can ba mu sani ba ne."

Ya gane abin da ban ƙarasa ba, cewa wannan karon an sani. Ya sa hularsa ya fita. Washegari da safe ɗansa babba ya kawo mini makullin sito na wurinsa, ya ce babansa ya ce a ba ni.

Kwana tara muka yi muna jira. Waya na ƙara sai in zabura in duba. A na tara matar ta kira ta ce kaya sun fita lafiya, a shirya ɗari biyu na gaba. Har yau kamfanin yana sayen wakenmu, wasu kamfanoni biyu ma sun biyo baya saboda takardar nan, kuma uku daga cikin maƙwabtan da suka tsaya kallo ranar sun tura ƙannensu kwas ɗin. Gidan Yaya da nawa duk daga nan muke ci, fiye da da.

Shi kuwa bai sake taka ƙofar siton ba sai da damina ta faɗi. Ba mu yi gaba ba, muna gaisawa a masallaci, muna zama tare a wurin suna da ta'aziyya. Ranar da ya dawo ina ciki ina danne gefen tamfol da yashi, sai na ga inuwar mutum a ƙofa. Shi ne, tsaye a waje, hannayensa a baya, a bakin ɗakin da ya gina da guminsa. Ya yi sallama, na amsa. Bai motsa ba.

"A shigo?" ya ce.

Har yau haka yake tambayata, kuma duk ranar da ya tambaya sai na ji kamar in yi kuka.